Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba: Tarihin Gano Bishiyar Kafe Maron da Ceto Ta a Tsibirin Rodrigues

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin wata bishiya mai farin fure wadda mutanen tsibirin Rodrigues suke kira kafe maron, masana tsirrai kuma suke kira Ramosmania rodriguesi. Ba ta fitowa ko'ina a duniya sai a wannan ɗan tsibiri na Tekun Indiya, a can ɗin ma har an kai lokacin da aka fid da rai da ita, aka lissafta ta cikin abubuwan da suka ƙare. Wajen shekarar 1980 sai wani ɗan makaranta ya kawo wa malaminsa reshenta, ya ce ga ta can tsaye kusa da gidansu. Galibin masu ba da wannan labari a nan suke dasa aya, domin nan ne daɗinsa yake. Amma fa daga ranar da aka gano ta zuwa ranar da ta ba da ƙwayar iri ta farko an yi shekara 20 da 'yan kai, kuma a cikin waɗannan shekaru ne ta fi kusantar halaka. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a nan shi ne cewa gano abu daban, ceto shi daban, har ma sau da yawa idon da ya gano abu shi ne yake jawo masa hannun da zai kashe shi.

Tsibirin da Abin da ya Same Shi

Rodrigues ƙaramin tsibiri ne wanda dutse mai aman wuta ya haifar, yana kimanin kilomita 560 gabas da Morishas, kuma yanki ne na ƙasar Morishas ɗin, ko da yake tun 12 ga watan Oktoba na 2002 yake da majalisarsa ta cin gashin kai. Faɗinsa duka bai wuce murabba'in kilomita 108 ba, tudunsa mafi tsawo kuwa, watau Mont Limon, bai cika mita 400 ba. Mutanensa sun haura 40,000, yawancinsu jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka da Madagaskar ne, harshensu kuwa Kiriyol ne mai tushen Faransanci. Sunan tsibirin na wani matuƙin jirgin ruwa ne mutumin Fotugal, Diogo Rodrigues, wanda ya gifta ta wurin a 1528. A lokacin babu ɗan Adam ko ɗaya a cikinsa.

Tsibiri irin wannan, wanda bai taɓa haɗuwa da wata babbar ƙasa ba, duk abin da ke cikinsa mai rai baƙo ne tun asali: ko iska ta kawo shi, ko igiyar ruwa, ko cikin tsuntsu. Wanda ya samu ya kafu sai ya yi ta sauyawa a keɓe shekaru aru-aru, har ya zama wani iri na dabam wanda babu shi a inda kakanninsa suka fito. Wannan shi ne dalilin da ya sa tsibirai suke cike da tsirrai da dabbobin da ba a samu a wani wuri, shi ne kuma dalilin da ya sa suke saurin ƙarewa, domin in an gama da su a nan to an gama da su ke nan, babu wata ajiya a bayan dutse.

Mutanen da suka fara zama a Rodrigues wasu Faransawa ne su takwas mabiya ɗariƙar Furotesta, waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Holan bayan Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ta ba su 'yancin addini a 1685. Shugabansu shi ne François Leguat. Sun sauka a 1691, suka yi shekara biyu, sa'an nan kaɗaici ya kore su suka haɗa kwalekwale suka nufi Morishas. Littafin da Leguat ya fitar a 1708 shi ne madubin da ake duba tsibirin da shi kafin a ɓata shi. Ya ba da labarin kurmi mai duhu daga tudu har gaɓar teku, da wani babban tsuntsu maras tashi, ɗan'uwan dodo na Morishas, wanda ya kira solitaire saboda yawan ganinsa shi kaɗai. Ya kuma ce akwai manyan kunkuru na tudu masu yawan gaske, garke guda yakan kai dubu biyu ko uku, har mutum ya iya yin tafiya mai ɗan nisa a kan bayansu ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. An daɗe ana ɗaukar wannan littafi tamkar tatsuniyar matafiya, sai da ƙasusuwan da aka tono a kogwannin tsibirin suka gaskata mai shi.

Kunkurun nan su ne suka fara jawo wa tsibirin masifa. Dabba ce mai nama da mai, ba ta gudu, kuma tana iya yin watanni a cikin jirgi ba ci ba sha, watau nama ne ɗanye wanda ba ya ruɓa a zamanin da babu firiji. A 1735 gwamnan Faransa na Morishas, Mahé de La Bourdonnais, ya kafa wani ɗan sansani a Rodrigues wanda ba shi da wani aiki sai tara kunkuru ana lodawa zuwa Morishas domin ciyar da matuƙa jirage da marasa lafiya a asibiti. An ƙiyasta cewa daga 1732 zuwa 1771 an kwashe kimanin 280,000. Kafin a shiga ƙarni na 19 sosai duka iri biyu na kunkurun tsibirin sun ƙare, shi kuwa solitaire ya riga su tafiya. Yana da kyau mai karatu ya riƙe zancen kunkurun nan, domin za a sake cin karo da su a jikin ganyen bishiyar da ake magana a kanta.

Bayan kunkuru sai kurmi. Aka shigo da awaki da shanu da aladu, ɓeraye da kyanwoyi kuma suka shigo da kansu. Aka yi ta sara ana ƙonawa domin noma da kiwo, musamman bayan Ingila ta ƙwace tsibirin a 1809 da kuma bayan an 'yanta bayi a shekarun 1830, lokacin da 'yantattun suka hau tuddai suka kafa gonakinsu. Ba za a ga laifin wanda ya fito daga bauta ya sari daji don ya ci abinci ba. Sai dai ƙasar gangare ce, da aka tuɓe mata riga ruwan sama ya wanke ta zuwa teku. Baƙin tsirrai kuma suka mamaye abin da ya saura. Abin mamaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi addabar tsibirin a baya-bayan nan ita ce bagaruwa, wadda majema suka sani a ƙasar Hausa. An kai ta can a ƙarni na 20 don ta tsare zaizayar ƙasa, ta zama annoba, mutanen wurin suna kiranta piquant loulou saboda ƙayarta.

Balfour da Zancen Suna

A watan Disamba na 1874 tauraruwar nan Zara ta gifta ta gaban rana, abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi, kuma masana taurari suna bukatarsa wajen auna nisan rana daga duniya. Gwamnatin Ingila ta aika da ayari wurare dabam-dabam don su kalli abin, ciki har da Rodrigues. Wannan shi ne karo na biyu da Zara ta kawo masana tsibirin, domin a 1761 ma wani limamin kirista Bafaranshe masanin taurari, Alexandre Pingré, ya zo don haka. A cikin ayarin 1874 an haɗa da masu nazarin halittu uku, ɗayansu wani saurayi ne ɗan shekara 21 daga Sikotilan mai suna Isaac Bayley Balfour, wanda daga baya ya shugabanci lambun tsirrai na Edinburgh. Ya yi 'yan watanni yana yawo a kwazazzabai yana tsinkar ganye da fure yana busarwa. Tsibirin da ya tarar ba shi da kama da na Leguat, ƙeƙasasshe ne, ciyayin waje sun rufe shi, tsirran asali sun maƙale a lungunan da akuya ba ta iya kaiwa. A 1879 aka buga cikakken bayaninsa kan tsirran Rodrigues.

Cikin abin da ya tattara akwai wata 'yar bishiya ta dangin gahawa, dangin da gauɗe da tafashiya suke ciki. Ya sa mata suna Randia heterophylla. Kalma ta biyu daga Girkanci take, ma'anarta mai ganye iri-iri, domin ya lura cewa ganyen ƙaramar bishiyar bai yi kama da na babbar ba ko kaɗan. An zana ta, an ajiye busasshen reshenta a ma'adanar tsirrai, daga nan kuma labarinta ya yi ta dusashewa. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 masana sun ɗauka ta bi kunkuru da solitaire. Bayan shekara fiye da 100, a 1982, Tirvengadum da Verdcourt suka ga ba ta dace da gidan Randia ba, suka buɗe mata gida nata na kanta mai suna Ramosmania, a 1989 kuma Tirvengadum ya ba wadda aka samu da rai sunan rodriguesi.

Sunan da mutanen gari suke kiranta da shi ya fi na Latin ɗin abin dubawa ga mai nazarin harshe. Kafe dai gahawa ke nan. Maron kuwa, wadda Faransawa suke rubutawa marron, kalma ce da aka fi danganta asalinta da cimarrón ta Sifaniyanci, wadda ake faɗa wa dabbar gida da ta gudu ta koma daji. A tsibiran da aka yi bauta sai aka ɗora ta a kan bawan da ya tsere ya ɓuya a duwatsu. Daga nan ta sake yin naso, ta zama sifar duk wani abu da ya yi kama da na gida amma ba shi da ubangiji, ko tsiro ko dabba ko ma sana'ar da ake yi ba lasin. Kafe maron ke nan gahawar da ta gudu, ko gahawar daji. Hausa ma tana da irin wannan dabara ta raɗa wa baƙon abu suna da abin da aka sani a gida, alal misali gwandar daji da albasar kura. Bambancin shi ne kalmar Kiriyol ɗin tana ɗauke da tabon bauta a jikinta. Sunan kuma yana da ɗan zalunci ga bishiyar, domin ita ba daga gonar kowa ta gudo ba, ta riga gahawa da masu shan gahawa zuwa tsibirin da dubban shekaru.

Darasi a Aji

A shekarun 1970 hankalin masu kare halittu ya fara komawa kan Rodrigues, ba don tsirrai ba tukuna, sai don wani jemage mai cin 'ya'yan itace wanda yawansa ya faɗi ƙasa da 100, da wasu ƙananan tsuntsaye iri biyu da suka kusa ƙarewa. Cikin wannan yanayi ne wani malamin makaranta na tsibirin ya shiga aji da hoton zanen nan na zamanin Balfour, ya nuna wa yara, ya ce wannan bishiyar ƙasarku ce amma ta ƙare. Ya kuma ƙarfafa musu gwiwa su riƙa duba tsirran unguwanninsu suna kawo masa. Wani yaro daga cikinsu ya dawo da reshe, ya ce akwai irinta kusa da gidansu. Aka aika da samfurin wurin masana, suka tabbatar ita ce.

A nan akwai abin lura game da kalmar "ganowa". Bishiyar ba a cikin wani surƙuƙi take ba, a bakin hanya take, mutane suna wucewa ta gabanta safe da yamma, awaki suna cin ganyenta. Ga mutanen unguwar ba ta taɓa ɓata ba balle a gano ta. Waɗanda ta ɓace wa su ne masu littattafai. Sanin yana hannu biyu: masana sun san darajarta ba su san inda take ba, maƙwabtanta sun san inda take ba su san ita kaɗai ta rage ba. Abin da malamin nan ya yi shi ne ya haɗa hannuwan biyu, da takarda guda da ajin yara. An bi tsibirin lungu-lungu ana neman ta biyu, ba a samu ba.

Shinge a Kan Shinge

Da labari ya bazu cewa Turawa suna ta zarya a kan wata bishiya, sai mutane suka yi irin lissafin da kowane ɗan Adam zai yi: abin da ake tsaro haka ba banza ba. Dama ana ɗan amfani da ita a maganin gargajiya, yanzu kuwa sai sunanta ya kai ko'ina a kan tana maganin ciwon sanyi da ciwon hanta da nauyin kan da ke bin mashayi da safe. Aka fara zuwa da dare ana yankar reshe, ana ɓantarar ɓawo, ana tonon saiwa. Aka kewaye ta da shinge don awaki, mutane suka tsallake. Aka ƙara wani a bayansa, aka yanke shi. Aka yi ta ƙarawa har ta zama tana cikin keji mai rufi, aka kuma sa mai gadi. Wata masaniyar tsirrai mai suna Wendy Strahm, wadda ta yi shekaru tana aiki a Morishas da Rodrigues kuma ta fitar da kundin tsirran tsibirin da ke cikin haɗari a 1989, tana cikin waɗanda suka yi wannan fama. Marubucin nan na Ingila Douglas Adams ya ziyarci wurin a ƙarshen shekarun 1980, ya kuma ba da labarin shingayen cikin raha a littafin da suka rubuta da Mark Carwardine, Last Chance to See, wanda ya fito a 1990.

Abu ne mai sauƙi a yi wa masu yankar reshen dariya ko a kira su jahilai, amma hakan bai yi adalci ba. Mutumin da ciwo ya dame shi, asibiti ya yi masa nisa, ya ga hukuma ta kashe kuɗi ta kewaye itace guda da ƙarfe alhali ba ta kewaye gonarsa ba, ba a kuma zauna an yi masa bayani ba, ba abin mamaki ba ne ya ɗauka wani sirri ake ɓoye masa. Shingen da kansa shi ne ya zama tallar bishiyar. Shekara da shekaru tana tsaye ba wanda ya kula da ita sai akuya, kuma ta rayu. Da aka ce za a cece ta, saura ƙiris garin neman gira a rasa ido.

Da aka ga haka sai aka yanke shawarar a raba ƙafa. A 1986 aka yanko 'yan rassa aka ɗora su a jirgin sama zuwa lambun tsirrai na Kew da ke gefen Landan. Daga cikinsu guda ɗaya ya yi saiwa. Daga wannan guda ɗin aka yi ta yanka ana dasawa har aka samu bishiyoyi da dama a ɗakunan gilashi masu ɗumi, suka girma, suka yi ta fure fari fat mai kama da tauraro kusan duk shekara. A 2001 har an mayar da wasu daga cikin dashen zuwa Rodrigues.

Rayayyiyar Gawa

Duk wanda ya ga bishiyoyin nan a Kew cike da fure sai ya ce an gama aiki. Masu aikin kuwa sun san ba a yi komai ba. Dashen reshe ba haihuwa ba ce. Reshen da aka yanka aka dasa shi ne dai uwar tasa, da duk ƙarfinta da duk rauninta, in an yi dubu ma mutum ɗaya ne a tukwane dubu. Cutar da ta kashe ɗaya za ta kashe duka, kuma ranar da mai lambu ya ajiye wuƙarsa ranar ce zuriyar ta tsaya. Furen kuwa shekara da shekaru yana fitowa yana kaɗewa bai taɓa ƙulla ɗa ba. Masu kare tsirrai suna da laƙabin da suke yi wa irin wannan, wanda za a iya cewa rayayyiyar gawa: abu yana numfashi amma irinsa ya riga ya mutu. Akwai ma masu ganin cewa ɓarnar kuɗi da wuri ne a ci gaba da renon irin waɗannan, gara a mai da ƙarfi ga waɗanda ke da sauran fata. Wannan ra'ayi ba na marasa tausayi ba ne, domin kuɗin aikin kaɗan ne, masu jiran ceto kuwa dubbai.

Matsalar ba baƙuwa ba ce ga manomi. Kowa ya san namijin gwanda, wanda yake fure ba ya 'ya'ya, an kuma san dabino da giginya akwai namiji akwai mace. Kafe maron tana da irin wannan rabo, sai dai nata a ɓoye yake, domin furen yana ɗauke da sassan jinsi biyu a ido amma ɗaya ne yake aiki. Bishiya guda da ta rage a duniya ashe namiji ce. Garin furenta lafiyayye ne, sai dai babu macen da za ta karɓa, sashen mace na jikin furen nata kuwa ba ya amsar garin da ya fito daga gare ta.

A 2003 wani mutumin Gijón ta ƙasar Sifen mai suna Carlos Magdalena ya shiga Kew a matsayin mai koyon aikin lambu. Ba shi da wani babban digiri a lokacin, sai dai naci. Ya yi tunanin cewa in ƙofar da garin fure yake bi ce take ƙin buɗewa, to a bi ta katanga. Sai ya riƙa sa aska yana yanke kan sashen macen, yana shafa garin a kan raunin kai tsaye. Ya yi haka ga furanni masu yawan gaske ba abin da ya faru. Ana nan sai wata rana aka ga ɗa guda ya ƙulla a jikin wata bishiya, da ya nuna aka fasa aka sami ƙwaya bakwai. Waɗannan bakwai ɗin ba su zama bishiyoyi ba, amma sun rushe maganar cewa abin ba ya yiwuwa.

Saura a san dalilin da ya sa wannan fure ya karɓa sauran suka ƙi. A nan ne lurar mai lambu ta yi aikin da na'ura ba ta yi ba. Magdalena ya lura cewa bishiyar da ta yi ɗan tana wurin da ya fi zafi da hasken rana, shekarar kuwa an yi matsanancin zafi a Turai. Sai ya mayar da wasu bishiyoyin wuri mai zafi da haske ya ci gaba da gwaji. Ya tarar cewa a cikin irin wannan matsi wasu furannin namijin sukan ɗan karkata zuwa mace har su iya ɗaukar ciki. Ta haka aka samu ƙarin 'ya'ya, aka shuka ƙwayoyin suka tsira. Da suka girma suka yi fure sai ga maza ga mata a cikinsu. Daga nan aka daina bukatar aska, domin in an ɗauki garin namiji an kai wa mace takan yi 'ya'ya cike da ƙwaya, ninkin-ba-ninkin abin da ake samu a da.

Domin a san cewa ba kullum ake dacewa haka ba, sai a dubi tsibirin Saint Helena a Tekun Atilantika. A can ma an sami wata bishiya guda da ta rage, wadda ake kira zaitun na Saint Helena, a 1977. Ita ma ba ta amsar garin furenta sai da ƙyar. Ta daji ta mutu a 1994, ta ƙarshe da ake reno kuma cutar funfuna ta kashe ta a watan Disamba na 2003, watau a cikin shekarar da kafe maron ta ba da ƙwayarta ta farko. An yi mata ƙoƙari iyakar yi, har da hannun Kew ɗin, bai hana ta tafiya ba. A Morishas kuma akwai wani irin kwakwa, Hyophorbe amaricaulis, wanda ya yi shekaru da dama shi kaɗai a lambun Curepipe, duk dabarar da aka gwada don samun na biyunsa ta ci tura.

Ganyen da Yake Tuna Kunkuru

Da ƙwayoyin Kew suka tsira, abin da ya fito bai yi kama da uwarsa ba. Babbar kafe maron ganyenta kore ne shar, mai faɗi da sheƙi. Jariran kuwa ganyensu dogo ne siriri kamar tsinke, launinsa duhu-duhu mai ratsin ja, wanda in an hange shi sai a ce busasshe ne. Masu renon ba su taɓa ganin wannan kama ba, domin reshen da aka yanko daga babba ganyen manya yake yi. Sai da bishiyar ta haura kimanin mita guda sa'an nan ta sauya riga ta koma kore. Wannan shi ne abin da Balfour ya gani a 1874 har ya sa mata suna mai ganye iri-iri.

Ba ita kaɗai take da wannan hali ba, itatuwa da dama na Rodrigues da Morishas haka suke. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne cewa kariya ce daga kunkuru. A tsibiran nan babu barewa babu gada, babban mai kiwo shi ne kunkuru, kuma iyakar inda yake kaiwa shi ne iyakar tsawon wuyansa. Tsiron da ya yi kama da abin da ba ya ciwuwa har ya wuce wannan tsawo shi ne ya rayu ya bar baya. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2004 an miƙa wa manyan kunkurun tsibirin Aldabra ganyen manya da na yara na irin waɗannan itatuwa, suka cinye na manyan suka ƙyale na yaran. Ke nan kafe maron tana nan tana ɓuya daga dabbar da aka cinye ta ƙare shekara 200 da suka wuce, alhali akuya, wadda ba ta san wannan yarjejeniya ba, tana cin na yaro da na babba.

Komawa Gida

Ba za a rufe ido ga wani ɓangare na wannan tarihi ba. Lambun Kew, wanda aka kafa a 1759, ya daɗe yana zaman cibiyar da daular Ingila take bi ta kwashe tsirrai masu riba daga wata ƙasa ta dasa a wata. Ta nan itacen kwinin na Amurka ta Kudu ya bi zuwa Indiya a shekarun 1860, ta nan kuma ƙwayar roba kimanin 70,000 da Henry Wickham ya ɗebo daga Barazil a 1876 ta bi zuwa kudu maso gabashin Asiya. Gwanintar renon baƙon tsiro a ɗakin gilashi wadda ta ceci kafe maron a can aka koye ta. Tun bayan yarjejeniyar Rio ta 1992, wadda ta tabbatar wa kowace ƙasa ikon mallakar halittun da ke cikinta, tafiyar ta sauya fuska, abin da aka ɗauka amana ne kuma tilas a mayar.

A 2010 aka kai ɗaruruwan ƙwayoyin kafe maron Rodrigues. Ma'aikatan gandun daji na tsibirin da na ƙungiyar Mauritian Wildlife Foundation, wadda aka kafa a 1984, suka rene su a wurin renon tsirrai, suka dasa a gandun Grande Montagne, inda aka yi shekaru ana tumɓuke baƙin itatuwa ana mai da na asali. Galibin masu wannan aiki 'yan tsibirin ne, ana kuma kai yaran makaranta su gani da idonsu, abin da shingayen shekarun 1980 ba su yi ba. Duk da haka bishiyar tana cikin rukunin waɗanda suka fi shiga haɗari a jerin ƙungiyar IUCN, kuma da dalili. Duk wata kafe maron da ke duniya daga bishiya guda ta fito, ita ce uwa ita ce uba, zuriya mai irin wannan ƙuncin asali kuwa ba ta da yawan abin da za ta tari sabuwar cuta ko fari da shi. Masana suna zaton wani malam-buɗe-littafi na dare mai dogon baki ne yake ɗaukar mata garin fure, bisa la'akari da farin furen da dogon maƙogwaronsa. Ma'aunin da masu aikin suka ɗora wa kansu shi ne ranar da ƙwaya za ta faɗi ta tsira ta girma ta yi nata 'ya'yan ba tare da hannun mutum ba.

Ta fannin kunkuru kuwa, na Rodrigues ba za su dawo ba, sai aka nemo musu magaji. A 2007 aka buɗe wani gandu mai kimanin hekta 20 a kudu maso yammacin tsibirin, kusa da kogwannin da aka tono ƙasusuwan solitaire, aka sa masa sunan François Leguat. An dasa tsirran asali fiye da 100,000 a cikinsa, aka kuma saki manyan kunkurun Aldabra da wasu ƙanana 'yan asalin Madagaskar, suna kiwo a ƙarƙashin itatuwan, suna cin 'ya'yan da suka faɗo suna yaɗa ƙwayar a cikin kashinsu.